Shekarar da Aka Ce Yayanku Maciji Ne

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginmu, daga nan London har Kano, wai ni na ɗauki ƙafata na je wurin bokan 'yan Caina don a ɗaura wa yayanku aure. Na san kun ji. Har jikokina sun ji, domin ran nan ƙaramar cikinsu ta tambaye ni da Turancinta ko da gaske ne ina da boka. Na yi dariya a gabanta, da ta fita kuwa dariyar ta tsaya. Tunda Allah ya ara mini kwana, hannuna kuma bai gaji da biro ba, gara ku ji daga bakina. Ba gafararku nake nema ba. Abin da ya faru zan faɗa, yadda na gan shi da yadda na ji shi. Za ku lura ban rubuta sunansa ba, "yayanku" kawai nake cewa. Ɗan fari ne. Mu a yadda aka raine mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ba da labarin haihuwarsa, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Ku riƙe wannan, domin a kansa komai ya rataya.

Lokacin muna flat ɗin council ɗin nan, gidan hayar hukuma na bayan kasuwar Whitechapel, wanda lift ɗinsa kullum yana jinya. Ku ƙanana duk kuna makaranta. Alhaji babanku yana kamfanin motoci a Dagenham, ya fita da asuba ya dawo yana warin ƙarfe. Ni kuwa kun san ni, in ba Juma'a ko asibiti ba, ba abin da yake fitar da ni. Mutane suna cewa na tsufa a London ban san London ba. Ba su fahimta ba ne, na san ta da kunne. Na san takun kowa a bene, na san wanda ya sha da wanda bai sha ba, na san matar ƙasa ta yi faɗa da mijinta daga yadda take dire tukunya.

Ƙofar da take kallon tamu ta wasu 'yan Caina ce, mutanen Hong Kong, masu shagon abinci na takeaway a bakin titi. Mai gidan da matarsa suna can shago kullum, gida sai tsohuwar uwarsa da wata jikarta marainiya. Tsohuwar 'yar firit ce, ba ta kai kafaɗata ba, kullum cikin baƙin wando da silifas. Jikar tana ce mata Popo, wato kaka ta wajen uwa, mu ma muka ɗauka. Jikar kuwa ita ce Fong, wadda yanzu kuke ce wa Anti Safiya.

Wata rana na leƙo sai na ga wani madubi a saman ƙofarsu. Ɗan ƙarami ne mai kusurwa takwas, an zagaye shi da zane ja da baƙi kamar hatimi, fuskarsa tana kallon ƙofata sak. Na aika aka kira mini Hajiya Memuna, aminiyata, mutuniyar zangon Kumasi, mai kawo mana atamfa da turare. Hausarsu ba ta san mace da namiji ba, kowa "ka" ne. Ta tsaya daga nesa, ta karkata kai, ta riƙe haɓa.

"Hajiya, wannan ba madubin kwalliya ba ne," ta ce. "Tsohuwan nan yana kwashe arzikin gidanka yana turawa gidanshi. Ka rataya aya, kuma ko ruwa ya ba ka kar ka sha."

Na rataya aya a saman tawa ƙofar. Haka muka zauna shekaru, madubinta yana kallon ayata. In shekararsu ta juyo sai ta ƙwanƙwasa, ta miƙo mini lemo biyu da hannu biyu tana sunkuyawa. In karɓa in ce "thank you", tana juya baya in jefa su a bututun shara. In Babbar Sallah ta zo ni ma in aika mata da soyayyen nama. Ban taɓa jin ƙamshinsa ya fito daga gidan ba, don haka ina kyautata zaton bututu ɗaya muke ciyarwa ni da ita.

Maganar yayanku da Fong kunnena ne ya fara sani. Ya gama karatun harhaɗa magani yana aiki a chemist, ita kuma nas ce. Sai na lura da yamma taku biyu suna hawowa tare daga ƙasa, a hankali, kamar masu jin tausayin bene. In sun kusa hawanmu sai su tsaya, a yi shiru, sannan ɗaya ya ƙaraso, ɗayar ta biyo baya. Da abin ya fito fili, ashe yarinyar ta riga ta je masallacin Regent's Park da ƙafarta ta yi shahada, har ta iya Fatiha. Alhaji ya ce tunda ta musulunta shi ba shi da ta cewa. Ni ina da ta cewa, cike da ciki. Ina da 'yar wana a Kano da na daɗe ina auna wa wannan gidan. Amma yaya uwa za ta buɗe baki a kan auren ɗan fari? Sai na haɗiye, ina tuƙa tuwo ina ƙuna.

Ana cikin haka Popo ta fara zuwa. Ba lokacin lemo ba ne, don haka da na buɗe ƙofa na gan ta na san da magana. Ta nuna takalman yayanku a bakin ƙofa, ta nuna cikina, ta ɗaga yatsa.

"Your boy. What day born? What time?"

Ku da aka haifa a nan, kowane asibiti da makaranta suna tambayarku ranar haihuwa, ba za ku ji abin da na ji ba. A gida wa yake bin uwa yana tambayar rana da sa'ar da ta haihu? Mai duba ne, ko wanda mai duba ya aiko. Na ce mata "No English", na tura ƙofa. Washegari ta dawo da agogon bango a hannu, tana juya hannuwansa tana kallon fuskata, wai in tsayar da ita in ta zo wurin. Na sake rufe ƙofa. Har a bene ta tare ni ranar Juma'a, tana numfashi sama-sama tana "what time, what time".

"Ka ga abin da na faɗa maka?" in ji Hajiya Memuna. "Ya riga ya kama yaron da shinkafa, yanzu kulle shi yake so ya yi. Da sa'ar haihuwa ake ɗaure mutum. Ko da wuƙa ya zo kar ka faɗa."

Daga nan komai na gani sai ya zama shaida. Matajin yayanku ya ɓata, na ce ita ce. Ya rage cin tuwo, na ce an ba shi wani abu. Na ga gashi a tabarmar ƙofa, na ƙone shi. Turaren sandan da take kunnawa safe da yamma, wanda na saba da shi shekara da shekaru, ya koma yi mini warin tsafi. Matajin daga baya na same shi a bayan kujera, amma ban janye zargina ba, na ce dawo da shi aka yi.

Da ta ga ba za ta samu daga gare ni ba, sai ta tambayi yaron da kansa. Shi kuwa ya faɗa mata abin da ya sani, abin da yake cikin fasfo: ɗaya ga Janairu. Ta sa rigarta ta fita, ta hau tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar 'yan Caina, wurin wani tsoho mai lissafin aure a saman wani gidan abinci. Da la'asar na ji ta dawo. Na ji muryarta ta tashi da yarensu, na ji ta Fong ta tashi ta karye, na ji kwano ya faɗi. Washegari ina kicin yarinyar ta yi sallama, ta durƙusa kamar yadda ta ga kuna yi, idanunta sun kumbura. Hausarta a lokacin ba ta wuce gaisuwa ba, da Turanci muka lallaɓa.

"Umma, Popo ta ce ba za a yi ba. An ce mata maciji ne."

"Wane ne macijin?"

Ta nuna ɗakinsa. Na ajiye ludayi. Ɗan da ban taɓa yabo ba, amma ai ban ba kowa izinin zaginsa ba. Na ce ta tashi ta gaya wa kakarta macijin yana gidansu. Ta riƙe gefen zanena tana rantsuwa ba zagi ba ne. Wai su kowace shekara da dabbarta, suna zagayowa, wanda aka haifa a cikinta ya ɗauki halinta da rabonta. Shi shekarar maciji ya faɗo.

"To ke fa, mece ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Alade."

"A'uzu billahi! Kar ki sake faɗa a kicin ɗina."

Ta yi 'yar dariya cikin kuka, ni ma saura kaɗan. Sannan ta faɗa mini abin da ban sani ba duk zaman da muka yi. A lissafinsu maciji da alade ba sa zama gida ɗaya, ɗaya zai binne ɗaya da wuri. Uwarta ma haka aka ce mata lokacin nata auren, ta ƙi ji, ta yi, Fong tana rarrafe ta rasu. Tun ranar Popo take ganin ita ce ta kashe 'yarta da ta bari aka yi. Fong ta ce ita yanzu ta san rai da ajali na Allah ne, amma matar nan ce ta goya ta, ba za ta iya taka ta ta wuce ba. In Popo ba ta sa albarka ba, ta haƙura. Ta miƙe za ta fita, sai ta ƙara wata magana, da ita da bango, ba don ni ba.

"Abin haushin, shekararmu ba ta juyawa ɗaya ga Janairu. Sai sabon wata ya kama, can wajen ƙarshen Janairu. Da ya ɗan jinkirta har watan ya tsaya, da doki ne, da ba wanda zai ce komai."

Miyar kuka nake kaɗawa. Hannuna ya tsaya har ta yi gudaji.

Ɗaya ga Janairu ba ranar haihuwar yayanku ba ce. Abokin Alhaji ne ya cika takardun fasfo a Kano lokacin da za mu taho, ya rubuta masa ranar da ake rubuta wa duk wanda ba a san tasa ba. Rabin waɗanda muka zo tare duk ranar aka haife su. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ga abin da na sani. A azumin da aka yi juyin mulki aka kashe manyan Arewa, wanda kowa ya san tsakiyar Janairu ne, ina gidan iyayena a ƙauye da tsohon ciki, a zaune na ji labarin don ba na iya tashi da sauri. Azumi ya ƙare, aka ga wata, da hantsin Ƙaramar Sallah maza suna idi na haihu. Wata kuwa ɗaya ne a sama, ba a rataya wa 'yan Caina nasu daban ba. Watan da yarinyar take cewa da ya jira, ai ya jira shi. Innata ta rasu, ungozoma ta rasu. Alhaji yana Ikko lokacin, ƙasa a rikice, labari bai same shi da wuri ba, abin da ya riƙe kawai "wajen Sallah". Yaron kuwa bai taɓa ji ba, don wadda za ta faɗa masa ita ce ba ta iya faɗa. A duniya ni kaɗai na rage da wannan ranar.

Na yi shiru. Ba zan ɓoye muku ba, da farko har wani sanyi na ji: ga auren da ba na so ya mutu ba tare da na ɗaga yatsa ba. Kuma ina da hujja mai kyau ta yin shirun. Tun muna yara muke jin malamai suna cewa wanda ya je wurin mai duba sallarsa tana cikin haɗari. In na kai ranar nan, ai na ba da itacen da za a hura wutar duba ke nan. Alhaji da aka gaya masa maganar maciji, ko ɗago kai bai yi daga buta ba.

"Mu ba ma duba," ya ce. "Auren da maciji zai kashe, dama ba aure ba ne. Kowa ya kama kansa."

Gidan ya canja murya. Takun nan biyu ya koma ɗaya, yana hawowa kamar mai ɗauke da buhu. A ɗaya ɓangaren na daina jin rediyon Popo, na daina jin wuƙarta a kan katako. Wata safiya yayanku ya shigo kicin, ya tsaya a bayana kamar yadda ya saba, ni ina kallon tukunya shi yana kallon firji. Ya ce ya yi apply ɗin wani aiki a Scotland, sun ɗauke shi, ƙarshen wata zai tafi. Na ce Allah ya sa alheri. Bai fita ba. Na ji ya ja numfashi.

"Umma, wai ni..."

Ya tsaya. Na san abin da yake bakinsa, shi ma ya san ba a tambayata wannan.

"Ba komai," ya ce, ya ɗauki jakarsa.

Wadda ta tura ni gidan Popo, ba tare da ta sani ba, Hajiya Memuna ce. Ta zo da yamma tana murna, ta zauna ta cire takalmi, na zuba mata shayi.

"Ka gode Allah, Hajiya! Ko sisi ba ka kashe ba, bokansu ya yi maka aiki. Yanzu sai ka aika Kano."

Bokansu ya yi mini aiki. Maganar nan ta ƙi wucewa. Na yi alwala da ita, na yi sallah da ita. Ni da nake gudun duba, ashe ina zaune a kan abin da duba ya yanke ina cin moriyarsa. Kuma ba a kan gaskiya ma aka yi duban ba, a kan ƙaryar da muka rubuta da hannunmu. In na tafi, mutane za su ce na je wurin mai duba. In na zauna, ni da Allah mun san da wa na haɗa kai. Ban ce na warware ta kamar malami ba. Na dai ga ba zan iya tsayawa a kan sallaya da wannan shirun ba, yaron kuma yana ɗaure kaya.

Da hantsi, kowa ya fita, na yi alwala, na karanta Ayatul Kursiyyu, na ja mayafi na rufe fuskata don kar madubin nan ya ɗauke ta, na ƙwanƙwasa. Ta buɗe ta tsaya tana kallona, ta rame har wuyanta ya fito. Ban taɓa shiga gidan ba sai ranar. A kusurwa akwai ɗan teburi da jar fitila, da toka, da lemo a faranti, da hoton wata budurwa mai kama da Fong. Na zauna a bakin kujera, inda zan iya kaiwa ƙofa. Ta kawo shayi, ban taɓa ba.

"Passport," na ce. "Lie."

Ta matso. Turancina da nata in aka haɗa ba za su sayi burodi ba, sai na koma ga hannu. Na zana babban ciki a gabana. Na rufe bakina, na nuna rana tana tafiya har ta faɗi, na ce "fasting", don ta san azuminmu, tana jin motsin sahur ɗinmu ta bango kowace shekara. Tagarta ta yi raɓa, na tashi na zana jinjirin wata da yatsa, siriri. Na kwantar da kaina a tafin hannu, na farka, na rungume jariri. Ta dubi watan nan a jikin gilashi, bakinta ya buɗe. Ta shiga ɗaki da sauri ta fito da wani littafi mai kauri, jan bango, takardunsa sirara kamar ɓawon albasa. Ta lashi yatsa tana buɗewa har ta tsaya a wani shafi, ta nuna wani layi, ta nuna watan tagar, ta dube ni. Na gyaɗa kai.

"What time?"

Na ɗaga hannu daidai inda rana take in ta yi hantsi. Daga nan ban san abin da ya same ni ba. Turanci ya ƙare, sai Hausa ta ɓalle. Na ba ta labarin duka: yadda naƙuda ta fara tun ana ganin wata na ɓoye don kunya, yadda Inna ta gane daga yadda na riƙe ƙyaure, yadda gari ya yi tsit don maza sun tafi idi, yadda ungozoma ta zo da lallen Sallah a hannunta tana mita an hana ta tuwo. Yadda ya faɗo bai yi kuka ba sai da aka watsa masa ruwa, yadda na juya fuskata bango don kar a ce na kalle shi, alhali ta gefen ido na ƙirga yatsunsa. Abin da ban taɓa faɗa wa mahaluƙi ba, na zazzage shi gaban matar da ba ta jin ko kalma ɗaya. Wataƙila shi ya sa na iya. Ita kuwa tana gyaɗa kai tana cewa "haa, haa", kamar a garinmu aka haife ta.

Da na yi shiru ta koma kan littafin. A nan ne kunnena ya kama wani abu. Ta buɗe shafi na gaba, yatsanta ya sauka a wani wuri, ta ja iska ta haƙori, siririn tsaki irin na wanda ya taka ƙaya. Ta daɗe a wurin. Ta ɗaga kai ta dubi hoton 'yarta. Sannan ta dawo shafin farko, ta rufe littafin, ta ɗora tafin hannu a kai kamar mai danne murfin tukunya.

"Horse," ta ce. "Good horse."

Na tambaye ta da hannu ko za ta koma wurin tsohon nan na saman gidan abinci. Ta kaɗa kai da ƙarfi.

"No need. Old man, too much talk."

Ta ɗauko lemo, ba daga teburin hoton ba, na lura da kyau, daga kicin. Ta ɓare da kanta ta raba biyu. Na jira sai da ta fara cin nata. Na yi bisimilla ta fi a ƙirga, na ci ɓari ɗaya. Na fito ina cewa a raina tsohuwar nan ta ga wani abu ta ɓoye.

Yayanku bai tafi Scotland ba. Aka ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Abin da ya biyo baya kuwa ni na ɗauka. Da bakina na gaya wa Hajiya Memuna, don ban iya ɓoye mata abu ba. Ta ajiye kofi, ta sa takalminta.

"Ka shiga gidan tsafi da ƙafanka, ka ci abinshi? To ni ba ruwana."

Kafin Juma'a ta zagayo labari ya riga ni masallaci, ya yi kitso ya sa ɗankunne: wai na kai gashin yaron, wai na durƙusa wa gunki. Matan da muke haɗa kafaɗa a sahu suka riƙa barin tazara. Labarin ya haye teku ya isa Kano, wana ya daina amsa gaisuwata, har ya koma ga Allah ba mu koma kamar da ba. Hajiya Memuna ba ta ƙara hawa benenmu ba. Alhaji ya yi kwanaki yana cin burodi da shayi ya bar tuwona a rufe, sannan wata rana bayan Magariba ya kira ni.

"Kin tambaye ta abin da zai faru gobe?"

"Ban tambaya ba."

"To me kika je yi?"

"Na je gyara ƙaryar da abokinka ya rubuta."

Ya ja carbi. "Allah ya san zuciya," ya ce. "Ɗumamo mini tuwon." Ni dai na yi ta istigfari, har yau ina yi, don ban ɗauki kaina mai fatawa ba.

Sai bayan Popo ta rasu, jikokina na wajen Safiya har sun shiga sakandare, na san abin da tsakin nan yake nufi. Safiya tana kwashe kayan tsohuwar, na je taya ta ninke tufafi, ga jan littafin a kan gado. Lokacin Hausa ta zauna a bakinta. Na ba ta labarin shafin da aka buɗe aka rufe. Ta zauna a gefen gadon.

"Umma, ashe kin ji. Lissafin biyu ne. Mutanen gari suna juya shekara da sabon wata. Masu lissafin aure irin tsohon nan ba sa bin wata, sai farkon bazara, cikin Fabrairu. A nasu, har da ranar da kika faɗa mata, maciji ne."

"Ta sani?"

"Shi ya sa ba ta koma ba. Ta san abin da zai ce."

Ta ce daga ranar har ta mutu, duk farkon wata da tsakiyarsa Popo ba ta cin nama, wai tana biyan wani abu a madadinsu. In ɗayansu ya yi tari sai ta kwana a zaune. Shekara da shekaru tana jiran abin da littafinta ya ce, kuma ba ta taɓa bari sun gani ba.

To kun ji. Ban je wurin boka ba, wurin maƙwabciya na je. Zargin da na yi mata na maita da mataji duk banza ne, amma na ƙarshen ya tabbata: tsohuwar nan ta yi maguɗi a gabana, littafinta ta cuta. Madubin kuwa har gobe ban yarda da shi ba, na ce wa Safiya kar ya shigo gidan da jikokina suke kwana.

Yayanku bai taɓa yi mini maganar ranar haihuwarsa ba, ni ma ban taɓa yi masa ba. Fasfonsa har yanzu ɗaya ga Janairu yake cewa. Amma kun sha tambayata abin da ya sa duk Ƙaramar Sallah, in an sauko idi, kafin ya je ko'ina sai ya biyo nan da hantsi, da furfurarsa da komai, ya shigo kicin ya tsaya a bayana, ya ajiye lemo biyu a kan firji ya fita bai ce komai ba. Ni ma ba na juyowa. Sai na ji takunsa ya kai ƙasa nake ɓarewa.